Zaman Gida a Wurin Masu Hali na Ingila a Ƙarni na 19: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban tarihi da na adabin Turanci, da masu sha'awar kallon finafinan zamanin dā, sukan yi karo da abubuwan da ke ɗaure musu kai game da yadda masu kuɗin Ingila suka yi zaman gida. Ga tambayoyin da aka fi yawan maimaitawa. An fi ba da ƙarfi ga zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta rasu a 1901.

Su wane ne ake kira masu hali a lokacin?

Kashi biyu ne, kuma kowanne yana yi wa ɗaya kallon hadarin kaji. Akwai masu ƙasa, wato iyalan sarauta da manyan ƙauye, waɗanda ke cin kuɗin hayar gonaki ba tare da sun yi sana'a ba. Binciken da gwamnati ta yi a shekarun 1870 ya nuna cewa kimanin mutum 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar. Sai kuma sababbin masu kuɗi: masu masaƙu, masu bankuna, manyan 'yan kasuwa, lauyoyi da likitoci. Mai masaƙa a Manchester yana iya fin wani basarake kuɗi nesa ba kusa ba, amma sai jikansa ne za a daina yi wa gori da warin kasuwa.

A kuɗin wancan lokaci, sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. Leburan gona a tsakiyar ƙarnin da wuya ya wuce fam 30 a shekara. Harajin samu da aka dawo da shi a 1842 yana farawa ne daga mai fam 150. Kada kuma a manta inda wani ɓangare na dukiyar ya fito: da aka yi dokar 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 gwamnati ta ware ta biya masu bayin diyya, bayin kuwa ba su ga ko sisi ba. Audugar Amurka da cinikin Indiya su ma sun gina gidaje masu yawa.

To da me ake gane gidan mai hali?

Da bara. Gidan da uwargida ke buɗe wa baƙo ƙofa da hannunta bai shiga sahu ba. Isabella Beeton, a littafinta na tafiyar da gida da ya fito a 1861, ta tsara abin dalla-dalla: mai fam 150 zuwa 200 a shekara ya ɗauki baranya ɗaya mai yin komai; mai fam 300 ya ƙara mai raino; mai fam 500 ya samu kuku da mai shara da mai raino; sai mai fam 1,000 ne zai kai ga ajiye baligin bara namiji. Namijin ya fi tsada, ga kuma harajin da ake biya a kansa tun 1777, shi ya sa ganin sa a bakin ƙofa sanye da kayan aiki ya zama sanarwar arziki. Abin da ya fi wannan kuma shi ne keken doki na kanka, da dawakinsa da matuƙinsa.

Yaya fasalin gidan yake?

Gidan birni, musamman a Landan, siriri ne mai tsawo, hawa huɗu ko biyar, manne da na maƙwabta. Kicin da wurin wanke-wanke suna ƙarƙashin ƙasa, da 'yar matakala daga titi wadda mai nama da mai madara da mai kwal ke bi. Hawan ƙasa akwai ɗakin cin abinci da ɗakin karatun maigida. Hawa na gaba shi ne babban falo, inda uwargida ke karɓar baƙi. Sama da shi ɗakunan kwana, can ƙololuwa kuma ɗakin yara da na barori mata. Mafi yawan masu matsakaicin hali haya suke yi, ba su ga abin kunya a ciki ba.

An tsara ginin ne don a ci moriyar aiki ba tare da an ga mai yin sa ba. Manyan gidaje suna da matakala biyu, ta gaba mai shimfiɗa, da ta baya ƙunƙuntacciya wadda barori ke bi da bokitai. Tsakanin ɓangaren iyali da na barori akwai ƙofa da aka lulluɓe da koren yadi mai kauri don ta tare hayaniya da ƙamshin girki. A kowane ɗaki akwai igiya ko maɗauki da aka haɗa da waya zuwa jerin ƙararrawa a ƙasa, kowacce da sunan ɗakinta. A wasu manyan gidajen karkara har umarni ake bai wa mai shara cewa in ta yi kiciɓis da maigida a hanya, ta juya fuskarta ga bango.

Me ya sa gida ɗaya ke buƙatar barori haka da yawa?

Domin duk abin da famfo da makunnin lantarki da inji ke yi a yau, a lokacin hannun mutum ne ke yin sa. Wannan ita ce amsar da ke buɗe sauran tambayoyin. Ɗauki ɗumama ɗaki kawai: kowane ɗaki da murhunsa na kwal. Mai shara takan tashi wajen ƙarfe shida, kafin kowa ya motsa, ta shimfiɗa tsumma gaban murhu, ta kwashe tokar jiya, ta tace ta don cire guntayen da ba su cinye ba, ta shafe ƙarfen da baƙin shuni ta goge shi har ya yi ƙyalli, sannan ta haɗa sabuwar wuta. Ta gama wannan ta koma na gaba. Kwal ɗin kuma daga ƙarƙashin ƙasa take hawo da shi, bokiti bayan bokiti, har hawa na huɗu.

Daga nan sai ruwan zafi na wanke fuska zuwa kowane ɗakin kwana, da sauko da gurɓataccen ruwa, da zubar da fo na dare, da share darduma a durƙushe bayan an watsa mata jiƙaƙƙen ganyen shayi don ƙura ta kwanta. Fitilu suna jiran a yanke lagwaninsu a goge gilashinsu. Wuƙaƙen tebur ba irin na yanzu ba ne da ba sa tsatsa, kullum sai an goge su. Hayaƙin kwal na birni yana sake baƙanta duk abin da aka tsabtace jiya. Wanki kuwa yakan ci kwanaki: jiƙo, dafa tufafi a tukunya, matsa, shanya, sannan guga da dutsen da ake ɗorawa a wuta.

Shi ya sa a ƙarshen ƙarnin mata fiye da miliyan ɗaya ke aikin gida a Ingila da Wales, kuma babu wata sana'a da ta kai ta cin mata. Amma finafinai suna ruɗin mutane a nan. Gidan mai barori 30 ɗaiɗai ne. Mafi yawan gidajen da ke da bara, yarinya ɗaya ce tak, sau da yawa 'yar ƙauye mai shekara 13 ko 14, wadda ke girki da shara da raino ita kaɗai har ƙarfe goma na dare ko fiye, ta kuma ci abincinta ita kaɗai a kicin.

Akwai manya da ƙanana a cikin barorin kansu?

Sosai ma, har wani lokaci sun fi iyayen gidansu riƙo da girma. A saman maza akwai babban bara, mai kula da azurfar gida da rumbun giya da hidimar tebur. A saman mata akwai shugabar barori, mai ɗaurin makullai a ƙugu, wadda ake kira da laƙabin matar aure ko da ba ta taɓa aure ba. Haka ma kuku. Sai baranyar ɗakin uwargida mai gyaran gashi da sutura, wadda in ta fito daga Faransa farashinta ya fi. Sai samarin da ke hidimar tebur da rakiyar keken doki, waɗanda ake ƙara wa albashi saboda tsayi, in an dace da biyu masu tsayi ɗaya kuma sai a yi alfahari da su. A can ƙasa akwai yarinyar wanke-wanke, wadda ke yi wa sauran barori hidima.

A teburinsu ma kowa da mazauninsa. A manyan gidaje, bayan an ci nama sai manyan barori su tashi a jere su tafi ɗakin shugabar su ƙarasa da kayan zaƙi a can.

Nawa ake biyan su, kuma suna da 'yanci?

Bisa lissafin Beeton, mai yin komai tana samun fam 9 zuwa 14 a shekara, kuku mace fam 14 zuwa 30, babban bara fam 25 zuwa 50, ban da ci da kwana. Akan biya duk bayan wata uku. Akwai kuma ɗan abin gefe da al'ada ta halatta: kuku ta sayar da kitsen da ya tsiyaye daga gashi, baranyar ɗaki ta gaji kwancen uwargida, babban bara ya kwashe guntayen kyandir.

Hutu kaɗan ne, rabin yini ko yammacin Lahadi in an yi sa'a. An hana saurayi zuwa. Uwargida tana iya sauya wa yarinya suna in ta ga nata ya yi mata girma. Babban makamin kuwa shi ne takardar shaidar hali: wadda aka kora ba takarda, da wuya ta sake samun gidan kirki. Idan ciki ya bayyana a jikin baranya, ko da ɗan gidan ne ya yi shi, ita ce ke tattara kayanta. Iyakar ƙarfin da ke hannun bara shi ne ajiye aiki, kuma sun yi amfani da shi ƙwarai, 'yan mata da yawa ba sa daɗewa a gida ɗaya. Kukan da matan masu hali suka yi ta yi a mujallu cewa barori sun lalace, asalinsa ke nan.

In barori ne ke komai, uwargida me take yi?

Shugabanci, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Da safe takan sauka ko ta kira kuku su tsara abincin yini, ta fitar da shayi da sukari da sabulu daga ma'ajin da ke kulle, ta duba littattafan mai nama da mai kayan miya, ta rubuta wasiƙu. Tun da aka kawo kan sarki na kwabo ɗaya a 1840 wasiƙa ta zama ruwan dare, har a wasu unguwannin Landan mai kai wasiƙa kan zagayo sau goma sha biyu a yini a ƙarshen ƙarnin. Ita ke ɗaukar barori ta sallame su, ita ke jinyar marar lafiya, ita ke ziyarar talakawa da aikin coci. Ga haihuwa a kai a kai.

Sai dai wajibi ne kada aikin ya nuna a jikinta. Hannu mai laushi shaida ce cewa miji yana da shi. Suturar ma haka take faɗa: ɗamarar matse ƙugu, da kirinolin, wato kejin ƙarfe mai buɗa siket da ya yaɗu daga 1856, wanda ya jawo gobara da ta ci rayukan mata da dama a gaban murhu. A gidan masu fam 200 ko 300 kuwa, uwargida tana tayawa da aiki a ɓoye, ta cire bantenta na aiki da zarar an ƙwanƙwasa ƙofa.

Mene ne labarin katin ziyara, da cewa "ba ta gida" alhali tana ciki?

Ziyara tana da ƙa'ida kamar aikin ofis. Ana yin ta tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, ba ta wuce minti goma sha biyar, baƙuwa ba ta cire hula. Wadda ke neman shiga zumunci da wani gida takan bar kati mai ɗauke da sunanta, da na mijinta. In an mayar mata da kati ko ziyara, ƙofa ta buɗe. In an yi shiru, ta gane. Da bara ya ce uwargida ba ta gida, kowa ya san ma'anarsa ba ta karɓar baƙi yanzu, ba a ɗauke shi ƙarya ba. Abin yana kama da wasa, amma da shi mata ke tantance gidan da 'ya'yansu za su yi aure (duba tambayar aure a ƙasa) da mutanen da mazajensu za su yi hulɗa da su.

Yaya cin abincinsu yake?

A gidaje da yawa ana fara yini da addu'ar iyali, maigida yana karantawa, barori a jere a bayan ɗaki. Sai karin kumallo mai nauyi wajen takwas ko tara. Babban abinci ya yi ta ja baya cikin ƙarnin, daga la'asar har ya kai bakwai da rabi ko takwas na dare, saboda maza na aiki nesa da gida, ga kuma hasken fitila da ya inganta. Tazarar da ta samu ce ta haifar da abincin rana da shayin la'asar, wanda ake dangantawa da Anna, matar basaraken Bedford, wajen 1840.

Liyafar dare ita ce fagen nuna isa. A farkon ƙarnin akan jera kwanuka da yawa a tebur lokaci guda. Daga shekarun 1860 salon Rasha ya yi rinjaye, inda barori ke kawo abinci kala bayan kala, abin da ke buƙatar ƙarin hannaye da tarin cokula. Bayan an gama, mata su tashi su koma falo, maza su zauna da giya da hirar siyasa. Abin mamaki, kuɗi bai tsare su daga algus ba: binciken da likita Arthur Hassall ya buga a farkon shekarun 1850 ya gano alif a cikin burodi da launuka masu guba a alewa, kuma sai dokar 1875 ce ta fara yin tasiri na gaske.

Suna da ban-ɗaki da famfo da wutar lantarki?

A makare suka samu. Har tsakiyar ƙarnin, wankan mai kuɗi a ɗakin kwanansa yake, cikin bahon zama a gaban murhu, da ruwan da baranya ta hawo da shi (duba tambayar yawan barori). Sabulu ma akwai haraji a kansa har 1853, tagogi kuma har 1851. Masai mai ruwa ya yaɗu bayan baje-kolin Landan na 1851, amma ya fara da ɓarna, domin ƙazantar ta kwarara cikin kogin Thames, har a bazarar 1858 wari ya addabi majalisar dokoki da ke bakin kogin. Daga nan ne aka bai wa injiniya Joseph Bazalgette aikin manyan magudanan birnin. Ɗakin wanka mai ruwan zafi a bututu sai daga shekarun 1870 ya fara zama abin da aka saba gani. Wasu tsofaffin gidajen sarauta ma sun fi kowa jinkiri: mai barori 40 ba ya jin nauyin bokiti.

Haske ya bi ta kyandir da fitilar mai, sannan iskar gas da kananzir. Gas yana baƙanta rufi yana ɓata iska, don haka da yawa suka bar shi a kicin da zaure, suka ci gaba da kyandir a falo. Gidan Cragside na attajiri William Armstrong ya kunna ƙwan lantarki na Joseph Swan a 1880 da wutar da ruwa ke samarwa, amma har sarauniya ta rasu gidajen da ke da lantarki 'yan kaɗan ne.

Gaskiya ne iyaye ba sa ganin 'ya'yansu?

An yi ƙari, amma akwai ƙamshin gaskiya. Yara suna zaune a ɗakinsu na sama ƙarƙashin mai raino, can suke ci, can suke kwana, abincinsu kuma marar armashi ne da gangan. Da yamma akan wanke su a shirya su a sauko da su falo su yi kamar awa ɗaya da uwa. Mutane da yawa da suka tashi a irin gidajen sun rubuta daga baya cewa mai rainon ce ta fi kusa da zuciyarsu. Iyalan da suka yi aiki a Indiya sukan taho da masu raino daga can, wasu kuma su yasar da su a Landan in tafiya ta ƙare.

Yara maza kan sa riga irin ta mata har wajen shekara biyar ko shida kafin a sa musu wando. Wani abin da ke ba mai karatu na yau tsoro shi ne ruwan maganin lallashin jarirai mai ɗauke da ofiyam, wani sinadari mai sa maye da barci, wanda ake saye a kanti ba tare da takardar likita ba. Dokar 1868 ce ta fara taƙaita sayar da irinsa.

Ina suke karatu?

Namiji yakan bar gida tun yana shekara bakwai ko takwas zuwa makarantar kwana, daga nan Eton ko Harrow ko Rugby, inda Latin da Girkanci da bulala suka fi yawa, sannan Oxford ko Cambridge. Mace kuwa a gida take, hannun malamar gida: Faransanci, fiyano, zane, ɗinki, ɗan tarihi.

Malamar gida ita ce mafi kaɗaici a gidan. 'Yar mutunci ce da mahaifinta ya mutu ko ya karye, don haka ta fi ƙarfin teburin barori, ba ta kuma kai na iyali ba. Albashinta sau da yawa bai wuce na kuku ba, in yara suka girma kuma aikinta ya ƙare. Ƙidayar 1851 ta samu irinsu sama da 20,000. Daga matsalarsu ne ma gyaran ilimin mata ya tsiro: an buɗe kwalejin Queen's a Landan a 1848 don horar da su, Frances Buss ta kafa makarantarta ta 'yan mata a 1850, kwalejin Girton kuma ta fara a 1869.

Yaya ake haɗa aure?

Ba a cika yin dole ba, sai dai a tsara wa yarinya waɗanda za ta gani. 'Yar manyan gida in ta kai 17 ko 18 akan gabatar da ita a fadar sarauniya, ta shiga kakar liyafa ta Landan, daga bazara har zuwa watan Agusta lokacin da manya ke watsewa zuwa farauta. Ba ta fita ba mai rakiya. Namiji mai sana'a kuwa yakan kai shekara 30 kafin ya iya riƙe gida da bara, shi ya sa baiko kan yi tsawo. Kafin ɗaurin aure lauyoyin gida biyu su zauna su rubuta abin da uba zai haɗa 'yarsa da shi, da kuɗin kashewarta, da abin da za ta ci in ta zama gwauruwa. Farar rigar amarya ta samu karɓuwa ne bayan Victoria ta sa ta a aurenta da Albert a 1840. Auren 'yan uwa na kusa, kamar ɗan baffa ko 'yar kawu, halal ne kuma an yi shi da yawa. Victoria da Albert kansu haka suke. Amma auren ƙanwar matar da ta rasu haramun ne a doka daga 1835 har 1907.

Matar aure tana da dukiyar kanta? Tana iya neman saki?

A mafi yawan ƙarnin, a'a. Doka ta ɗauki miji da mata mutum ɗaya, mutumin kuma shi ne mijin. Kuɗin da ta shigo da shi, da wanda ta samu da guminta, nasa ne. Millicent Fawcett, wadda ta jagoranci neman ƙuri'ar mata daga baya, ta ba da labarin yadda aka sace mata jakar kuɗi, da aka je kotu sai ta ji ana karanta tuhuma cewa jakar mallakar mijinta ce. Masu kuɗi sukan kauce wa wannan ta hanyar yarjejeniyar lauyoyi da aka ambata a sama, su damƙa dukiyar 'yarsu a hannun amintattu. Dokokin 1870 da 1882 ne suka bai wa matar aure ikon riƙe abinta.

'Ya'ya ma na uba ne. Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku a 1836, ita ta yi ta rubuce-rubuce har aka yi dokar 1839 da ta bai wa uwa damar neman riƙon yara 'yan ƙasa da shekara bakwai. Saki kuwa kafin 1857 sai da dokar majalisa ta musamman, mai cin ɗaruruwan fam, kuma mata huɗu kacal suka taɓa samun sa ta wannan hanya. Bayan 1857 an kafa kotun saki, amma da ma'auni biyu: miji ya tabbatar da zina kawai, mata kuwa sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko yasarwa. Ba a daidaita su ba sai 1923. A ganina wannan ne abin da ya fi kuɓuce wa mai kallon kyawawan falukan nan: matar da ke juya barori goma da ƙararrawa, kujerar da take zaune a kai ba tata ba ce.

Wa ke cin gado?

A gidajen masu ƙasa, babban ɗa namiji ne ke ɗauke gida da gonaki da sarauta gaba ɗaya, sau da yawa da sharaɗin da ya hana shi sayarwa. Ƙannensa su nemi aikin soja, wanda ake sayen muƙaminsa da kuɗi har 1871, ko limancin coci, ko lauya, ko mulkin mallaka. In babu ɗa namiji, gidan yana iya faɗawa hannun wani dangi na nesa, gwauruwa da 'ya'yanta mata su tashi. 'Yan kasuwa sun fi raba dukiya tsakanin 'ya'ya ta wasiyya.

Kuɗi ya kare su daga cuta?

Ya rage, bai hana ba. A ƙasar baki ɗaya, cikin jarirai 1,000 kimanin 150 ba sa cika shekara, kuma adadin bai sauka sosai ba har ƙarnin ya ƙare. Gidan masu hali sun fi tsira, duk da haka da wuya a samu babban iyali da bai binne yaro ba. Archibald Tait, wanda daga baya ya zama babban limamin Canterbury, ya rasa 'ya'ya mata biyar cikin kimanin mako biyar a 1856, duk ta sanadin zazzaɓin sikalet, wata cuta mai yaɗuwa da ke fesar da jajayen ƙuraje. Masanin kimiyya Charles Darwin ya rasa uku cikin 'ya'yansa goma. Yarima Albert ya rasu a 1861 yana da shekara 42, likitocinsa suka ce taifot ne, cutar da ta kusa ɗauke babban ɗansa a 1871. Tarin fuka bai san mai kuɗi ba.

Wasu haɗuran ma kuɗin ne ya sayo su: bututun masai da aka haɗa ba daidai ba, da koriyar takardar ado ta bango mai gubar asenik. Haihuwa a gida ake yi, likita ya zo. Da Victoria ta yarda likita John Snow ya shaƙa mata kulorofom, wato maganin kashe zafi, a haihuwarta ta 1853, sai matan manya suka daina jin kunyar neman sauƙin naƙuda.

Me ya sa ake yawan ganin su cikin baƙaƙen kaya?

Makoki yana da jadawali. Gwauruwa takan yi shekara ɗaya da kwana ɗaya cikin baƙin yadi marar sheƙi da lulluɓi, ba ta zuwa taro, sannan a sassauta a hankali har a kai ga ruwan toka da shunayya. Jimilla shekara biyu zuwa biyu da rabi. Kayan adonta na baƙin dutsen Whitby ne, takardar wasiƙarta mai baƙin gefe. Yara da barori ma akan ɗinka musu baƙi. Namijin da matarsa ta rasu kuwa baƙin ƙyalle a hula ko a hannu ya ishe shi, ya koma harkokinsa. Sarauniya ta wuce kowa, shekara 40 ta yi ba ta cire baƙi ba, kamfanin Courtaulds kuma ya yi arziki da saƙa yadin makoki.

Da dare da ranar Lahadi me suke yi?

Karatu a bayyane, ɗaya na karantawa saura na ɗinki, fiyano da waƙa, karta, wasannin falo. Da sule 21 a shekara ana aron littattafai daga laburaren Mudie. Lahadi kuwa a gidajen masu tsananin addini coci ne sau biyu, ba wasa, ba labaran ƙirƙira. Kirsimetin iyali da aka sani yanzu a wannan zamani ya kafu: katin gaisuwa na farko a 1843, itacen ado kuma ya bazu bayan wata jarida ta buga zanen iyalin sarauniya kewaye da nasu a 1848.

Yaushe wannan tsari ya fara rushewa?

Tun kafin ƙarnin ya ƙare. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha, sannan daskararren nama daga Ostireliya da New Zealand, suka karya farashin amfanin gona, hayar ƙasa ta faɗi. A 1894 aka ɗora sabon harajin gado. Wasu iyalan sarauta suka nemi mafita wajen auren 'ya'yan attajiran Amurka, kamar Consuelo Vanderbilt da aka aurar wa basaraken Marlborough a 1895 ba da son ranta ba. Masu matsakaicin hali kuma suka fara rage haihuwa, domin kuɗin makaranta da na barori sun yi nauyi.

A ƙasan bene ma abubuwa sun sauya. Dokar ilimi ta 1870 da tilasta zuwa makaranta a 1880 sun fitar da 'yan mata masu karatu, waɗanda suka gwammace kanti ko masana'anta ko ofis, inda in an tashi aiki lokacinsu nasu ne. Albashin barori ya hau, sai masu gida suka fara ganin amfanin bututun ruwan zafi da murhun gas da suka daɗe suna ja wa baya. Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ya kwashe samarin barori zuwa fagen daga, dubban ɗaruruwan mata kuma suka koma masana'antun makamai da sauran ayyuka. Aikin gida ya ɗan farfaɗo tsakanin yaƙoƙin biyu, sai Yaƙin Duniya na Biyu da ya ɓarke a 1939 ya ƙarasa shi a yawancin gidaje.